Kazar da ta Kwanta a Hular Lawali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga hannun mahaifinka a Aliero, zuwa ga ɗana na fari, Na-Inna, a gidan maigidanshi da ke Maiyama.

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan ka sauka lafiya, ka iske mutanen gidan lafiya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ka bisa tudu da cikin fadama, duk inda ka nufa Ya kai ka Ya maido ka da ƙafafunka. Uwarka na gaishe ka, kakarka Inna na gaishe ka. Labarin gida ba zan ba ka ba, kwana uku da tafiyarka babu abin da ya sauya, ko akuyar nan mai hararar mutane tana nan tana aikinta.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ubanka ajami kaɗai ya iya, shi ma sai da Malam ya ƙarar da bulala huɗu a bayana kafin ya zauna. Na zaɓi takarda ne don na san halina. In na zaunar da kai na buɗe baki, wasa ne zai fito, ka yi dariya in yi dariya, mu tashi ba a faɗi komai ba. Ban cika arba'in ba, in anka gan mu a kasuwa sai a ce wa da ƙane ne, ni kuwa na ji daɗin haka har na manta da cewa ni uba ne. Yau ka bar ni in gwada.

Maigidanka ya ba ka babur don ka riƙa shiga ƙauyuka kana duba mishi albasa da hatsi, Andarai da abin da ke bayanta, hanyoyin da mota ba ta bi. Ya haɗa maka da hular kwano. Ranar da za ka tafi ka miƙa wa uwarka hular, ka ce ta riƙa jiƙa gero a ciki. Ta ce ka yi wa Allah ka ɗauka. Ka ce, "Haba, mu 'yan Aliero? Ko na karye, ai ɗori na bakin ƙofa." Ina zaure na ji ka. Na yi dariya har da buga cinya, na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai da ƙarar baburinka ta ɓace sannan na daina dariyar. Maganar nan tawa ce, a bakina ka tsince ta. Kuma akwai abin da ta taɓa ci wanda ban taɓa gaya maka ba.

Bari in fara da ƙananan kurakurai, waɗanda ake iya dariya a kansu.

Shekarar da na fara hawan babur, muna cikin Jihar Sakkwato, ba a ko yi zancen wagga sabuwar jiha tamu ba, anka gayyace mu suna a Sabiyal. Na ɗauko babbar rigata fara wadda ta sha bugu, na hau, na saki hannayenta iska na kaɗawa, don masu zuwa rijiya su san wani ya wuce. Wata tsohuwa a bakin gari ta ɗaga min hannu ta ce, "Yaro, tattara rigarka." Na ce, "Iya, kin taɓa ganin shaho ya naɗe fiffike yana sama?" Munka bar babbar hanya munka shiga ta jakai. Ban yi nisa ba gefen rigar ya faɗa tsakanin sarƙa da taya. Ba a jin komai da farko, sai dai ka ji an jawo ka ta wuya kamar ragon da zai gudu. Babur ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Abin da ya cece ni, telan da ya ɗinka rigar bai iya aiki ba, wuyan ya yage. Da gwani ne, da ba ka da ƙanne. Na isa wurin suna da rabin riga, na ce wa mutane da kura munka yi kokawa ta ci rabi na ci rabi. Anka yi ta dariya. Ban koyi komai ba sai sabon labari.

Don haka ka ji. Duk abin da ke lilo a jikinka abincin sarƙa ne: babbar riga, jelar rawani, mayafin da ka rataya don zufa, har igiyar wando in ta yi tsawo. Ka hau da riga mai tsayawa a ƙugu, mai dogon hannu, mai kauri. In wurin mutunci za ka, naɗe babbar rigar ka sa a jaka, in ka kusa ka tsaya gindin itace ka saka. Babu wanda zai san ba da ita ka taho ba.

Na biyu shi ne ƙafa. Shekara uku ina hawa da silifas. Ina cewa takalmi sau-ciki na malaman boko ne, masu tsoron ƙasa ta taɓa su. Ƙunar salansa da ke ƙwaurina na dama, wadda na gaya maka tambarin sarauta ce, silifas da guntun wando sunka ba ni ita. Ranar da na karye kuwa bayan girbin dawa ne. Na yanke ta cikin wata gona don in riga abokaina isa fadama. Ka san yadda ake sare kara a bar gindinshi tsaye da kaifi kamar an fiƙe shi. Taya ta shiga rairayi, babur ya fara rawa, na sauke ƙafa don in tokare. Silifas ya tafi nashi wuri, gindin kara ya shiga tafin ƙafata, babur ya kwanta a kan ƙwaurin hagu. Na ji ƙarar da kunnena, kamar an taka busasshen kara.

Anka kai ni wurin Baba Maiɗori na unguwarmu, Allah Ya jiƙan shi. Ya shafa, ya yi addu'arshi, anka danne ni, ya ja, na kira sunan Inna a gaban manyan mutane. Ya jera kara ya ɗaure. Bayan 'yan makonni na miƙe ina takawa kamar ba a yi ba. To, nan ne ɓarnar take. Wani in ya warke tsoro yake koya, ni girman kai na koya. Na riƙa cewa a majalisa, mutane na tasowa daga garuruwa masu nisa su zo Aliero a ɗora su, mu da muke kwana da masu ɗori mi za mu ji wa tsoro? Ba ni kaɗai ba, duk samarinmu haka muke gani. Ni dai na fi kowa iya faɗa, shi ya sa tawa ta fi yawo.

Baba Maiɗori bai taɓa cewa haka ba. Shi cewa yake, "Ƙashin da anka ɗora ya san an ɗora shi." Yanzu duk damina ƙwaurin nan na gaya min hadari kafin ya haɗu.

In ka je kasuwar Jega, ka shiga layin 'yan gwanjo ka nemi takalmi mai rufe idon sawu, mai tauri a baki, wanda in ka murɗa ƙasanshi da hannu biyu ba ya murɗuwa. Kada ka saya da ido. Ka saka da safa, ka tsuguna, ka miƙe, ka taka, ka gwada ɗaga giya da shi ko da a kan baburin wani ne. Igiyarshi ka cusa ta ciki. Wando mai kauri, ka cusa bakinshi cikin takalmin. Ga ƙwauri da gwiwa, ka je wurin baduku ka ce ya yanka maka kirgi ninki biyu, ya sa tsumma a ciki, ya yi mishi maɗauri uku, ka ɗaura ƙarƙashin wando inda ba mai gani. Hannu ma haka. Mutum in zai faɗi tafin hannu yake fara miƙawa, kuma hanyoyin can duk tsakuwa ce da ƙaya, don haka ka sami safar hannu ta fata wadda yatsunka ke iya kama birki a cikinta. Da tabarau, ko na banza ne, don ƙwaro ɗaya a ido ya isa ya kai ka rami. Za ka ce zafi. E, akwai zafi. Ka jiƙa 'yar shara ka sa a ciki, ka tsaya ka sha ruwa. Zufa ana wanke ta da guga ɗaya.

Yanzu saura wanda na yi ta kewaye-kewaye don kada in iso gare shi.

Ka san Baba Lawali, ɗan gwaggona, wanda ke zama gindin darbejiya kusa da masallaci yana tufkar igiya. Ka san yadda yake tambayarka sunanka sau uku kafin ka gama gaishe shi. Kai ma ka sha kwaikwayon maganarshi a tsakar gida, ni kuma na sha yin dariya. An gaya maka haɗarin babur ya yi, ƙaddara ce. Gaskiya ne. Amma ba ita ce duka gaskiyar ba.

Ba ka san Lawali na da ba, kana ɗan shekara shida lokacin. Makarantar allo ɗaya munka yi. Ni ina ɗaure wa Malam takalmi da igiya a jikin turke, shi yana hadda. Ya riƙe fiye da rabin Alƙur'ani a ka. In ya tsaya bakin gonar albasa ya dube ta sau ɗaya, zai gaya maka buhu nawa za ta yi, kuma da wuya ya kuskure. Tare muke shiga ƙauyuka muna duba albasa, kowa da baburinshi, irin aikin da za ka fara yanzu. Kuma taubashina ne. Ka san abin da wannan ke nufi: duk abin da na yi mishi wasa ne, ba shi da ikon fushi, ba mai ikon tsawata min. Na riƙe wanga haƙƙi kamar gadon gona.

Shi ne na farko a cikinmu da ya sayi hular kwano. Fara ce, mai rufe kunne, da igiya a haɓa. Ranar da ya fito da ita na faɗi ƙasa don dariya. Na ce, "Lawali, wa ya kife maka tukunya? Tuwon ya nuna?" Na sa mishi suna Mai-akushi, sunan ya bi gari. Yara na bin shi da shi. Shi dai sai ya yi murmushi ya ce, "Abdu, kai naka kan ba komai ciki, ba ka da abin tsarewa." Ya ci gaba da sakawa. Wata huɗu ina fama da shi bai cire ba. Abin ya fara ci min rai, don ban saba in yi wasa ya faɗi ƙasa banza ba.

Wata rana da bazara munka je Dangamaji duba albasar wani manomi. Munka ajiye babura a ƙofar gidanshi, Lawali ya rataye hularshi a hannun babur, shi da manomin sunka nufi wurin rudu inda anka jibge albasar. Na ce su yi gaba ina zuwa, zan sha ruwa. Na ga wata kaza tana kwanci a ƙarƙashin rumbu. Shaiɗan bai ko sha wahala da ni ba. Na ɗaga kazar tana ta masifa, na ajiye hular a daidai gurbinta, na zuba ƙaiƙayi, na jera ƙwan guda tara a ciki, na maido ta. Ta juya, ta juya, ta gyara zama, ta kwanta abinta.

Da munka dawo Lawali ya nemi hula ya rasa. Na taya shi nema, har cikin rijiya na leƙa. Sai matar gidan ta ƙwala ihu tana dariya tana nuna rumbu. Mutane sunka taru. Ga kaza zaune cikin farar hula, igiyar haɓa na lilo a gefe, tana kallonmu ɗai-ɗai kamar mu ne baƙi a gidanta. Ban taɓa yin wasan da ya karɓu kamar wannan ba. Wani tsoho har da hawaye.

Lawali ya miƙa hannu zai ɗauka, kazar ta sare shi. Anka sake fashewa. Na ce, "Kai, taubashi, ba ka jin tsoron Allah? Mai jego za ka tasa? Marayu tara za ka bari?" Ya dube ni, ya dubi mutane. Na ga lokacin da kunya ta rinjaye shi, na gani da idona, kuma na ji daɗi. Ya ce, "To, a bar mata. In ta ƙyanƙyashe na zo in amshi kuɗin haya." Anka tafa mishi. Ya gyara 'yar hularshi ta saƙa, ya tayar da babur.

Bayan la'asar ne, rana na nan da sauranta. Yana gaba ina biye. Ba gudu muke ba, wallahi ba gudu muke ba, hanyar ba ta ma yarda a yi gudu. Amma ban bar shi ba. Ina bayanshi ina kukan kaza, ina kiran Mai-akushi. Ya waiwayo yana dariya zai ba ni amsa. Bakinshi a buɗe yake lokacin da tayar gaba ta faɗa wani zaizayayyen wuri da ruwan bara ya ci. Babur ya karkace, ya sauka ta gefe. Faɗuwa ce irin wadda na yi sau goma na tashi ina kakkaɓe riga. Sai dai inda kanshi ya sauka akwai dutsen marmara, bai fi girman ƙwarya ba.

Na tsaya ina cewa, "Tashi, malam, kazar ba ta gani ba." Bai tashi ba. Babu jini mai yawa, ɗan kaɗan ne ke fita ta kunne. Hannu lafiya, ƙafa lafiya.

Ga kuskure na biyu a rana ɗaya. Na sami masu amalanke sunka fitar da mu bakin titi, na tare mota. Direba ya ce, "Asibiti?" Na ce a'a, Aliero, gidan ɗori. Ban yi tunani ba, bakina ne ya faɗa, don tun muna yara duk wanda ya faɗi can ake kai shi. Munka wuce hanyar asibiti munka taho gida. Baba Maiɗori ya fito, ya shafa wuyanshi, ya ɗaga fatar idonshi, ya dubi kunnen. Sai ya miƙe ya dube ni, ban taɓa ganin fuskarshi haka ba. Ya ce, "Abdu, mi ka kawo min? Ina ɗora hannu, ina ɗora ƙafa, ina ɗora haƙarƙari. Wa ya gaya maka ana ɗora kai? Ku tahi da shi, kun ɓata lokaci."

Munka kai Lawali asibiti, kwana goma sha ɗaya ya yi bai san inda yake ba. Da ya farka, ya san uwarshi, ya san matarshi Hauwa, ya san ni. Ranar Dangamaji kuwa ta goge gaba ɗaya. Haddar ta zube, sai gajerun surori. In ka gaya mishi abu da safe, kafin azahar ya tafi. Mutanen da sunka san zancen kaza ba wanda ya ɗaga shi. Wasan taubasai ne, wa zai kai ƙara? Anka ce ƙaddara, na karɓa da hannu biyu na lulluɓa da ita shekara goma sha uku. Na yi imani da ƙaddara, Na-Inna. Amma Malaminmu yakan ce, wanda ya buɗe rijiya a kan hanya ba ya cikin masu cewa Allah Ya kawo.

Saboda haka ka saurare ni a kan hula, ko da ka watsar da duk sauran.

Na aiko maka da taka tare da wagga takarda, amma na duba ta, ta yi maka girma. Ka nemi izinin maigidanka ka kai ta Jega a musanya. In za ka gwada, ka cire hular kanka tukuna. Mutanenmu na sayen babba don su ɗora ta bisa hular saƙa, sai ta zama kwano a kan tulu, abu kaɗan ta fice. Ka saka, ka ɗaure igiyar, ka girgiza kai hagu da dama. In hular ta tsaya kanka na juyawa a ciki, ba taka ba ce. Ka sa hannu ta baya ka tura ta gaba, in ta zame ta rufe maka ido, ajiye ta. Ka nemi mai rufe kunne da ƙeya, in ka sami mai kare haɓa ya fi. Ka leƙa ciki, farin abin nan mai tauri da ke ƙarƙashin soso shi ke shan bugu, in ya farfashe ko an ƙwaƙule shi, kwalliya ce kawai ta rage. Ka ɗaga ta a rana ka nemi tsaga. Wadda ta taɓa cin ƙasa da wani ta gama aikinta, ko da kyauta anka ba ka. Kada a ruɗe ka da ta masu aikin gini, wannan don abin da ke faɗowa daga sama anka yi ta. Fara ta fi baƙa sauƙin rana. Igiyar kuma a ɗaure, kullum, ko daga gida zuwa bakin kasuwa ne, yatsa biyu kaɗai ke shiga tsakaninta da haɓa. Kuma in Allah Ya kawo tsautsayi, kai ko wani, in dai kai ya bugu, ko da mutum ya tashi yana magana, asibiti za a nufa kai tsaye. Masu ɗorinmu gwanaye ne, kuma su da kansu za su gaya maka iyakarsu.

Kada ka waiwaya kana bisa babur don amsa wa kowa. Magana na iya jira.

Zaɓen kaya ba shi ne mai wuya ba, kowane ɗan gwanjo zai taya ka. Mai wuyar shi ne wanda ke jiranka a Maiyama. Ban san sunanshi ba, amma na san yana nan, don kowace majalisa tana da irina. Zai ba ka suna. Sunan zai yi daɗi, har kai ma za ka so ka yi dariya. Ba mugu ba ne, yana ma iya zama wanda ya fi kowa son ka. Ka yi dariyar tare da shi, ka rama in kana iyawa, na san kana iyawa. Amma ranar da ya sa mutane sunka kewaye ka suna tafi, ka ji kunya na cewa ka bar mata kawai, ka tuna Lawali ya yi wata huɗu yana cin nasara a kaina, yini ɗaya kaɗai ya sassauta. Ka ɗaga kazar ka ɗauki abinka.

Ranar da ka tafi, bayan na ji maganata a bakinka, na kasa zama. Na je gindin darbejiya na zauna kusa da shi. Na ce, "Lawali, akwai abin da zan gaya maka." Ya ce, "Abdu ne? Ina kwana." Na gaya mishi duka, tun daga rumbu har dutsen marmara. Na zaci zai yi shiru, ko ya tofa min yawu, na ma fi son haka. Sai ya ajiye igiyarshi ya fashe da dariya, irin dariyarshi ta da wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Kaza? Cikin hulata? Kai Abdu, Allah Ya shirye ka! To ta ƙyanƙyashe?" Na ce, "Taubashi, gafara na zo nema." Ya ce, "Na yafe, mi ke ciki? Amma ƙwai nawa?"

Na dawo gida ina jin kamar an sauke min buhu. Washegari na koma in gaishe shi. Ya ce, "Abdu ne? Kwana biyu ba ka leƙo ni." Babu komai, an share allon. Na sake gaya mishi daga farko. Ya sake yin dariyar, a daidai wurin da ya yi ta jiya, ya sake tambaya ko ta ƙyanƙyashe, ya sake yafewa.

Yau da safe na koma karo na uku. Na fara ke nan sai Hauwa ta yi gyaran murya daga bayan zana. Ta ce, "Baban Na-Inna, ya isa haka." Na juya wajen zanar. Ta ce, "Ni na sani tun da daɗewa. Matar mai gonar ce ta kawo min hular bayan wata ɗaya, ta gaya min komai. Ka daina ba shi labarin, in ya yi dariyar nan kanshi ke ciwo har yamma. Shi ba inda zai ajiye gafarar da kake nema. In kana son ka gaya wa wani, ka gaya wa wanda zai iya riƙewa."

Shekara goma sha uku tana gaishe ni, tana aiko mana da ƙuli-ƙuli da salla, ban taɓa gani a fuskarta ba. Na tashi na nufi ƙofa. Lawali na kirana a baya yana cewa in dawo in ƙarasa mishi, wai ya ji kamar labarin zai yi daɗi.

Na taho gida na jiƙa tawada.

Ban san yadda za ka dube ni ba in ka dawo. Wataƙila in na yi wasa a tsakar gida ba za ka ƙara yin dariya kamar da ba, kuma duk duniya babu dariyar da nake so kamar taka. Na auna wannan kafin in fara rubutu. Na yarda in rasa ta, in dai kai za ka riƙa sanin wanda ke gaishe ka.

Allah Ya sa ka fi ni hankali, Ya bar maka abin da Ya zuba a kanka har tsufa. Ya kare ka daga ramin da ba ka gani ba, da dabbar da ke fitowa ba sallama, da abokin da ke son ka irin son da na yi wa Lawali. Ka riƙe salla a kan lokaci ko a tsakiyar daji ne, ka yi bisimilla kafin ka hau, ka yi wa maigidanka biyayya. In ka yi addu'a ka sa Baba Lawali da Hauwa a gaba, in da saura ka sa ni.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Mahaifinka,
Abdu